Iska da baƙin mai kafin fenti: farfaɗo da Volkswagen Beetle a gida

Duk wanda ya sayi tsohuwar Volkswagen Beetle da niyyar farfaɗo da ita a gida, abin da ya fi saurin ɗaukar hankalinsa shi ne fenti da kujeru, domin su ido ke fara gani. Ni kuwa a ganina a bar su sai ƙarshe, a fara da abin da zai hana injin ƙonewa. Wannan mota, wadda a Najeriya aka fara harhaɗa ta a Legas a shekarar 1975, aka kuma ƙera ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko a watan Yulin 2003 bayan an fitar da fiye da miliyan 21 a duniya, ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Injinta yana baya, mai silinda huɗu a kwance, biyu a kowane gefe, kuma iska da baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi, ko da a zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato.

Idan ka ɗaga murfin baya za ka ga injin a lulluɓe da baƙaƙen farantan ƙarfe, ga kuma wata roba da ta zagaye shi ta toshe ratar da ke tsakaninsa da jikin mota. Waɗannan su ne suka fi ɓacewa a tsofaffin motocin da suka bi ta hannaye da yawa, saboda wanda bai san aikinsu ba yakan ɗauka ado ne, ya cire su a lokacin gyara, ya ƙi mayarwa. Abin yana damuna ƙwarai, domin su ne rayuwar injin. Fanka tana zuƙo iska mai sanyi daga sama, farantan su bi da ita ta jikin silinda, sannan ta fice ta ƙasa da zafinta. Da zarar robar ta yage ko faranti ɗaya ya ɓace, sai fankar ta riƙa zuƙo zafin salansa da ƙurar hanya tana mayar wa injin, direba kuma ba shi da labari, tunda motar ba ta zo da agogon auna zafi ba. A injunan da aka ƙera kafin 1971, silinda ta uku ce ke fara shan wahala, saboda na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska.

Fanbel ɗaya ne ke juya dinamo da fankar tare. Saboda haka idan jar fitilar caji ta kama kana cikin tafiya, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Ka tsaya nan take ka duba, domin idan fanbel ne ya tsinke, mintoci kaɗan sun isa injin ya buga.

Baƙin man da injin ke sha lita 2.5 ne kacal, kuma yawancinsu ba su da filta irin ta motocin yau, sai wata 'yar rariya ta waya a ƙarƙashin injin, wadda noti shida ke riƙe da murfinta. Ƙa'ida ita ce a yi juye duk bayan kilomita 5,000, a wanke rariyar, a sa sabon gasket, amma a lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, ni ban yarda a jira har a kai wannan adadi ba.

Aikin da na fi so, wanda kuma mai mota zai iya yi da hannunsa a ƙofar gida, shi ne saita bawul, wato 'yan ƙofofin da ke barin fetur da iska su shiga silinda, hayaƙi kuma ya fita. Ana yin sa ne da sassafe bayan motar ta kwana a kashe, injin ya yi sanyi sosai. Sai ka shimfiɗa buhu ka kwanta kusa da tayar baya, ka banƙare wayar da ke riƙe da murfin bawul da sukudireba, ka juya injin da hannu har silindar da kake so ta zo daidai. Ratar da ake nema tsakanin sukurun saiti da kan bawul milimita 0.15 ce: ka sassauta noti da sifana, ka murɗa sukurun a hankali har sai siririn ƙarfen awo mai wannan kauri ya wuce ta ratar yana ɗan gogawa, sannan ka ɗaure. Bawul ɗin da ke ɗan ƙara bai kai wanda ya yi shiru haɗari ba, domin wanda ya matse ba ya zama daidai a mazauninsa balle ya sauke zafi, daga nan sai ya ƙone.

Akwai kuma batun gobara. Tiyon fetur yana bi ta kusa da wayoyin wuta a ɗakin injin, don haka duk wanda ya bushe ko ya tsage a canja shi, a ɗaure bakinsa da kilif. Batir kuwa yana ƙarƙashin kujerar baya, idan babu murfi a kansa ƙarafan kujerar za su iya taɓa kawunansa lokacin da mutum mai nauyi ya zauna. A wurin nan ne ma tsatsa ke fara cin daɓen motar, musamman wadda ta daɗe a kudu inda ruwan sama ya yawaita, kuma sai mai walda ya gama da shi kafin a kira mai fenti.

Kayan gyara kamar fulogi da fanbel da gasket ba su da wuyar samu sosai, tunda Burazil da Meziko sun daɗe suna ƙera motar. Farantan nan su ne masu wuya, shi ya sa idan ka shiga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ci karo da mataccen injin Beetle da farantansa cikakku, ka saye shi saboda su, ko da fistin ɗinsa sun daskare.