Neman sarƙar kabon mafi tsawo

Talata, da daddare.

Darasin da na yi wa ɗalibaina yau a kan sunayen haidirokabon ne, wato sinadaran da babu komai a jikinsu sai kabon da haidirojin. Haddace jerin bai ba su wahala ba: metan mai kabon 1, etan 2, furofan 3, butan 4, sannan fentan, heksan, heftan da oktan, daga 5 zuwa 8. Nan da nan kuma suka riƙe ƙa'idar wannan dangi da ake kira alkan, cewa idan aka ninka yawan kabon sau biyu aka ƙara biyu, an sami yawan haidirojin.

Inda aikin ya fara tsauri shi ne da na rubuta C4H10 a allo na ce kowa ya zana yadda ƙwayoyin suke haɗe. Yawancinsu suka jera kabon huɗu a layi ɗaya, amma wata ɗaliba ta jera uku ta rataye na huɗun a jikin na tsakiya, har maƙwabciyarta tana zungurarta wai ta goge. Na hana ta gogewa, domin zanen nata daidai yake. Sinadarai biyu ne daban masu lissafi ɗaya: butan yana tafasa a wajen digiri 0.5 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos, nata kuwa, 2-metilfurofan, yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri. Kuma abin ƙaruwa yake yi, domin C5H12 yana da siffofi 3, C6H14 yana da 5, C8H18 yana da 18, C10H22 kuwa har 75. Da suka ji haka sai suka gane dalilin da ya sa masana suka taru a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan a 1892 don tsara hanyar ba da suna, aikin da ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ta ci gaba da shi. Abin da ake nema shi ne suna ya wadatar, ta yadda wanda bai taɓa ganin sinadarin ba zai iya zana shi daga jin sunan kawai.

Daga nan na ɗana musu tarko da gangan. Na jera kabon biyar a kwance, na maƙala reshen etil mai kabon biyu a ƙarƙashin na biyu. Kusan ajin gaba ɗaya ya amsa da 2-etilfentan. Na kira wani ɗalibi na ba shi alli, na ce ya fara ƙirga daga ƙarshen reshen da ke ƙasa, ya hau, ya karya kwana ya bi dama. Ya ƙirga a hankali yana ɗiga alli a kan kowane kabon, da ya kai shida sai ya tsaya ya juyo.

"Malam, ashe an yarda sarƙa ta lanƙwasa?"

Na ce masa igiya ko an lanƙwasa ta tsawonta bai ragu ba. Sunan gaskiya shi ne 3-metilheksan, domin sarƙa mafi tsawo ake bi ko ta ina ta ratsa a takarda, kuma kabon ɗayan da aka bari a gefe shi ne reshen, wanda ake kira metil. A ganina wannan ne wurin da ya fi kayar da masu koyo, saboda ido yana son layin da ke kwance, alhali kwanciyar layin zaɓin mai zane ne kawai.

Batun lambobi bai ɗauke mu lokaci ba. Ana fara ƙirge daga ƙarshen da zai ba rassa ƙananan lambobi, shi ya sa ake cewa 2,2,4-tirimetilfentan, ba 2,4,4 ba. Wannan sinadari ne aka ba maki 100 a ma'aunin oktan na man fetur, heftan kuma aka ba shi sifiri.

A ƙarshen darasi na nuna musu hanyoyin zane uku a kan butan: cikakken zane mai nuna kowane haɗi, taƙaitacce irin CH3CH2CH2CH3, da zanen ƙashi, wanda layi ne mai karye-karye babu harafi ko ɗaya, kowace kwana da kowane ƙarshe kabon ne. Karyewar layin tana da tushe, domin haɗe-haɗen kabon a alkan suna buɗewa da kusurwar kusan digiri 109.5. Zanen ƙashin ya burge su saboda saurinsa, amma ban bar su su koma kansa ba tukuna. Wanda bai saba tabbatar da cewa kowane kabon yana da haɗi huɗu ba, kamar yadda masanin sinadarai Bajamushe Kekulé ya bayyana a 1858, zai riƙa mantawa da haidirojin da ba a zana ba, kuma a littattafan da na duba da yamma na tarar da kabon mai haɗi biyar har a wurare da dama. Saboda haka aikin gida na yau cikakken zane ne na siffofin C6H14 guda biyar tare da sunayensu. Sai na ga sun fito da su babu maimaici kafin mu shiga dangin alken, masu haɗi mai ruɓi biyu tsakanin kabon da kabon, inda wurin da wannan haɗin yake zama shi ma yake buƙatar lambarsa, kamar a but-1-en da but-2-en.