Godiya: an sallami yaronmu, cibiya za ta buɗe ranar Litinin

Salama gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

An sallami yaron nan da aka soka da wuƙa a bakin ƙofar cibiyarmu, inda muke tara yaran unguwa a nan Jos. Da ƙafarsa ya fito daga asibiti ranar Alhamis, yana ɗan karkata saboda ɗinkin, amma da ƙafarsa. Likita ya ce wuƙar ta taɓa hanji, Allah ya tsare hanta. Zai huta a gida, babu ɗaukar kaya mai nauyi, babu ƙwallo, sai an sake duba shi. Waɗanda suka yi ta kirana ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonsu ke jibge a WhatsApp har yanzu, na gani duka, kuma wannan rubutun naku ne. Jikina ya mutu da gajiya, amma zuciyata cike take.

Ba zan maimaita abin da ya faru a bakin ƙofar cibiyarmu ba, kun bi shi tun daga daren farko. Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba sai maigidana, shi nake so in faɗa yau.

Muna cikin keke a hanyar asibiti, kansa a cinyata, wayata ta fara ƙara. Wai labari ya zagaya unguwa cewa Musulmi sun soki yaron coci, matasa sun fara taruwa a mahaɗar hanya da gora da duwatsu. Duk wanda yake Jos ranar 7 ga Satumba 2001, ko a Nuwamban 2008, ko a Janairun 2010, ya san abin da irin wannan magana take haifarwa kafin gari ya waye. Jita-jita a garin nan kamar wuta ce a busasshiyar ciyawa lokacin hunturu. Cibiyarmu kuwa a bakin iyaka take, kwalbati ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi. Ni kuma na ga fuskokin waɗanda suka yi abin. Yaranmu ne, na gefenmu, tsofaffin abokansa 'yan sara-suka da suka ƙi yarda ya rabu da su. Na san iyayensu mata, da wasunsu muke zama benci ɗaya ranar Lahadi. Jinin da ke zuba a zanina ya tsorata ni, amma wayar nan ta sa gwiwoyina suka yi sanyi, don na hango gawawwakin da za a iya kwasa saboda ƙarya.

Wanda ke danne da ciwon a lokacin shi ne Malam mai shayi na tsallaken kwalbati. Na san ba ya son a ambace shi, ya ma roƙe ni kada in yi, amma Malam ka yi haƙuri, sai na faɗa. Da ya ji ihu, barin tukunyarsa ya yi a kan wuta, da burodinsa da cinikinsa a kan tebur, ya tsallako da gudu a daren da mutane ke rufe ƙofa. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya toshe ciwon da ita, bai ɗaga hannu ba har ɗakin gaggawa. Da ya ji abin da aka faɗa mini a waya sai ya ce, “Maman yara, ki koma yanzu. Ni zan zauna da shi. Bakinki kaɗai za su yarda da shi.” Na ce, “Malam, dubi jikinka, duk jini ne. In wani ya gan ka haka ya ce kai ne fa?” Ya ce, “Allah ya san wanda ya yi. Ki tafi.”

Na bar ɗan ikilisiya a hannun Musulmi na koma, kuma ban taɓa barin yaro a hannun da na fi amincewa da shi ba. Na tarar Baba Rabaran ya riga ni isa, yana tsaye a tsakiyar titi da tocila, ba ko takalmin kirki a ƙafarsa. Mai Unguwa yana gefensa. Na faɗa wa matasan abin da idona ya gani, na nuna musu zanina, na gaya musu wanda ke riƙe da ɗan'uwansu a asibiti a wannan lokacin. Wasu sun yi gunaguni, wasu sun sunkuyar da kai. Daga baya na ji cewa Liman ma ya fito a nasu gefen ya hana yaransu fitowa. Kafin motar jami'an tsaro ta iso, titi ya watse. Ba a ƙona ko rumfa ɗaya ba. Ubangiji, wannan aikinka ne, ba wayonmu ba.

Mai keken da ya kwashe mu ya ƙi karɓar ko sisi, har da kuɗin wanke kujerarsa. Ban san sunansa ba, ban riƙe lambar kekensa ba. In wannan rubutu ya kai gare shi, ko ga wanda ya san shi, ina nemansa.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka shiga tiyata da shi cikin dare kafin mu gama haɗa kuɗi, Allah ya albarkaci hannuwanku. Shugabannin Boys' Brigade, ƙungiyar samarin majami'armu, da suka ba da jini, na gode. Akwai abin da ya faru a ɗakin ɗibar jinin da ba zan manta ba. Yaran cibiya sun biyo mu da ƙafa da sassafe, suka yi layi suna naɗe hannun riga, aka ce musu sai wanda ya kai shekara 18. Ɗaya daga cikinsu, wanda unguwa ta daɗe tana kira ɗan iska, ya zauna a ƙasa yana kuka wai jininsa ba shi da amfani. Wata nas ta durƙusa ta ce masa, “Ƙanena, jininka lafiyarsa lau, shekarunka ne ba su kai ba. Ka dawo in ka girma, ni zan ɗiba.” 'Yar'uwa, ba ki san abin da kika gyara a zuciyar yaron nan ba.

Zumuntar mata, iyayena, me zan ce muku? Kunu da safe, gwate da rana, kwanan asibiti bi da bi don mahaifiyarsa ta samu ta je ta ga ƙannensa. Mama shugabar zumunta ta sayar da kajinta ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zani, ta ce kada in gaya wa kowa. Mama, na gaya. Dattawan ikilisiya da suka yarda aka ɗauki baiko na musamman, ƙungiyar mawaƙa da ta zo ta raira masa waƙa a hankali a bakin gado, tsohon ɗalibinmu da ke gyaran waya a Abuja wanda ya turo abin da na san ya fi ƙarfinsa, da 'yan kasuwar tsallake da suka haɗa nasu suka ba Malam ya kawo, Allah ya mayar muku ninki. Mai gidan da muke haya ya so mu tashi bayan abin, kuma ban ga laifinsa ba, kowa yana tsoron dukiyarsa. Ya saurari dattawa ya bar mu. Baba, mun gode.

Wasu sun tambaye ni cikin ƙauna, wasu ba cikin ƙauna ba, wai me ya sa nake tara irin waɗannan yara. Ku zo unguwarmu tsakanin ƙarfe huɗu na yamma da takwas na dare ku ga inda yaro yake zuwa in babu ƙofar da ke buɗe masa. Da yawansu marayun rikici ne, ko 'ya'yan marayun. Akwai gidajen da ba su sake miƙewa ba tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002. Uwa tana tallar kayan miya har dare, yaro an kore shi saboda kuɗin makaranta, sai ya bi manya ramin kuza ko tashar mota, can kuma akwai mai jiransa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mun yi murna, amma tramol da wiwi da sholisho suna nan a lungu, kuma sun fi kwanon abinci araha. Abin da muke da shi ɗan kaɗan ne: ɗaki biyu, allo, kekunan ɗinki, injin aski, tukunyar abinci, nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba, da babban mutum da zai tambayi yaro ina ya kwana jiya. Shekarar da ta wuce, yaron nan da aka soka ba ya iya karanta sunansa. A gadon asibiti shi ya karanta mini Zabura 27 da bakinsa, yana tsayawa yana haɗa baƙaƙe, har ya kai aya ta 10, inda aka ce ko uwa da uba sun yashe mutum Ubangiji zai karɓe shi.

Ya daɗe a kan wannan ayar. Mahaifinsa ya rasu, amma yana da baffanni a cikin garin nan, waɗanda ba su makara ba ranar rabon gado. Kullum aka buɗe ƙofar ɗakin sai ya ɗaga kai. Ba zan ce komai ba, wataƙila hidima ce ta yi musu yawa. Ni ma a dangina akwai wanda saƙonsa kaɗai shi ne “ai mun gaya miki”. Zumunta dai a ƙafa take, kuma gidan mahaifiyarsa bai tashi daga inda yake ba.

Maganar waɗanda suka yi abin tana hannun 'yan sanda, kuma ba za mu janye ta ba. Mun gafarta musu, amma yaron da ya ɗauki wuƙa sau ɗaya aka shafa masa kai zai sake ɗauka. Mahaifiyar ɗayansu ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, na ɗaga ta muka yi kukan tare. Ina roƙonku kada kowa ya nuna ta da yatsa a majami'a ko a bakin famfo. Ita ma ɗa ta rasa, ta wata hanyar.

Ya Uba, kai da ka tsare numfashin yaron nan, ka warkar da shi sarai, ciki da waje. Ka cire masa tunanin ramuwa. Ka bi waɗancan yaran har inda suke, ka karya abin da ya ɗaure su, ka dawo da su ga iyayensu da ransu. Ka tsare Malam da iyalinsa, ka sa albarka a teburinsa, kada hannun mugu ya kai gare shi. Ka ba gwauraye ƙarfi, ka ciyar da marayu, ka rufe bakin masu ɗaukar ƙarya daga unguwa zuwa unguwa. Ka ba Jos salama, ka ba Filato salama, kada jikokinmu su san ƙarar da muka sani. Cikin sunan Yesu, amin.

Za a yi sujadar godiya ranar Lahadi bayan sujada ta biyu, a harabar cibiya don maƙwabtanmu na tsallake su samu zuwa. Kujerunmu ba za su isa ba, mai iya kawo tasa ya kawo. Ranar Litinin da ƙarfe huɗu za mu buɗe kamar kullum, amma yanzu za mu riƙa tashi ƙarfe shida da rabi kafin duhu, kuma muna neman maza biyu daga ikilisiya da za su riƙa tsayawa a bakin ƙofa har yaro na ƙarshe ya wuce. Mai niyya ya ga Baba Rabaran.