Kowa nasa yake ƙirgawa

A hutun da ya wuce na karanta littattafai biyu, ina shirin darasin tarihi na 'yan ajina a nan Gombe. Ɗaya tarihin yadda Turawa suka ci ƙasar nan ne, ɗayan kuma ƙagaggen labari a kan yaƙin basasar 1967 zuwa 1970.

Na tarihin har ƙofar gida ya kawo ni. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira, talakawa na barin gonakinsu suna bin sa, har suka yada zango a Mbormi, kusa da Bajoga. Turawa sun kai hari a watan Mayu aka fatattake su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli da manyan bindigogi, a nan Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabon tawada. Manjo Marsh, kwamandan da kibiya ta kashe, an kawo sunansa da muƙaminsa da yadda ya faɗi. Ɗaruruwan da suka kwanta kewaye da Sarki kuwa, layi guda aka yi musu a dunƙule. Ban ɗora wa marubucin laifi sosai ba. Rahoton da hafsoshin Turawa suka aika wa shugabanninsu ya dogara da shi, hafsa kuwa nasa yake ƙirgawa.

Ƙagaggen labarin ya hana ni barci. Uwa ce ke neman ɗan gishiri ido rufe, yaronta tamowa ta kama shi, gashi ya yi ja, ciki ya kumbura, ƙafafu sun tsotse. Ba wani adadi da ya taɓa shiga jikina haka. Sai dai da aka zo kan kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a Arewa a 1966, waɗanda ba mai musun an yi su, 'yan Arewa a littafin taro ne kawai mai sanduna, ba uwa, ba suna. Abin da rahoton Bature ya yi wa mutanen Mbormi ke nan.

Shi ya sa bana, kafin mu haddace shekaru, na ce kowane ɗalibi ya je ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai nasu da ya taɓa zuwa yaƙi, ko yaƙi ya taɓa tarar da shi. Wasu sun dawo da labarin kakan da ya je Bama a yaƙin duniya na biyu, wasu na basasa. Wata yarinya 'yar Funakaye, ƙaramar hukumar da Bajoga take ciki, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakata ta ce muna da dangi a Sudan, tun tafiyar Sarki ba su dawo ba." Na ce ta koma ta karɓo mana sunayensu kafin Litinin.