Daga Wudil zuwa kan Dala da ɗan ƙanwata

Ɗan ƙanwata yana aji biyar a firamare, kuma duk gidanmu babu wanda ya kai shi iya jero jihohi 36 da manyan biranensu. In ya ɗauko daga "Abiya Umuwahiya, Adamawa Yola" ba ya tsayawa shaƙar numfashi sai ya dire a "Zamfara Gusau". Amma ran nan na tambaye shi ta ina ake bi a je Dutse, sai ya yi zuru. Yaron da aka haifa a Wudil fa, inda motocin Dutse ke wucewa ta gaban idonsa safe da yamma! Shi ya sa na ce wa uwarsa ta ba ni aronsa ranar 27 ga Mayu, tunda Ranar Yara ce ba ya zuwa makaranta, mu shiga birni.

Wata tsohuwar Golf muka samu, mu huɗu a baya, shi a kan cinyata. Muka haye gadar Wudil da sanyin safiya, muka sha cunkoso a Mariri, muka sauka a tashar Unguwa Uku rana ta fara zafi.

Da gangan na ƙi fita da wuri. Na ja shi muka tsaya kusa da mai shayi, 'yan kamasho na ta kwarara kira: "Kaduna! Kaduna!" "Bauchi saura mutum ɗaya!" "Jos, Hajiya, Jos ne?" Ya daɗe yana raba ido, can ya ja gefen rigata.

"Kawu, ashe garuruwan nan da gaske zuwa ake yi?"

Wani dattijon kamasho mai jan goro a baki ya ji shi, ya matso yana dariya. Ya ce, "Ɗan makaranta, ina ne babban birnin Nasarawa?"

"Lafiya, Baba."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ai ba gaisuwa na ce ka yi ba, babban birnin Nasarawa na tambaye ka."

Sau uku suna haka kafin yaron ya gane tsokanarsa ake yi. Dattijon nan bai taɓa riƙe taswira ba, in ji shi, amma ya lissafa mana garuruwan da ke kan hanyar Damaturu ɗaya bayan ɗaya, har da inda ake tsayawa salla da inda ake sayen tsire mai kyau. Ya ce shi da ƙuruciyarsa in ya kai fasinja Dutse ko Haɗeja bai fita daga Kano ba. Nan na samu ƙofa, na gaya wa yaron cewa sai a 1991, zamanin Babangida, aka yanke Jigawa daga jikin Kano aka ba ta Dutse. Ita kanta jihar Kano a rana irin wannan aka ƙirƙire ta, 27 ga Mayu 1967, lokacin da Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12.

Muka yi ciniki da mai adaidaita sahu ya zaga da mu ta Sakatariyar Audu Bako, wadda aka sa wa sunan gwamnan farko na jihar, sannan ta Gidan Murtala. Na ce wa yaron mai wannan sunan ɗan birnin nan ne, shi ya mai da jihohi 19 a 1976, kuma a hannunsa aka yanke shawarar barin Legas a gina Abuja. Wani ɗan Kanon kuma, Abacha, shi ya cika su 36 a 1996. Gusau ɗin da yake rufe waƙarsa da ita a shekarar ta zama babban birnin jiha. Mai adaidaitan ma ya sa baki, ya ce shi dai abin da ya sani shi ne kowace jiha aka yi sai an ƙara haraji. Ban musa masa ba.

Hawan Dala ne ya nuna mini shekaruna. Yaro ya haye matakalar kamar akuya, ni kuwa sau biyu ina tsayawa wai ina gyara takalmi. A sama iska na kaɗawa, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ga rufin kwano iya ganin ido. Na kama kafaɗunsa ina juya shi: can arewa maso yamma Katsina, gabas Jigawa da hanyar gidanmu, kudu maso gabas Bauchi, kudu maso yamma Kaduna. Na ce waɗannan huɗun su ne maƙwabtanmu. Ya ɗauki tsinke ya zana su a ƙasa, ya sa Wudil a tsakiya, Kano a gefe. Na bar shi.

Muna saukowa na ci gaba da zuba, ƙananan hukumomi 44, sanatoci uku, namu na Kano ta Kudu ne. Sai ya katse ni.

"Kawu, to wane ne kansilan mazaɓarmu?"

Na yi tari, na duba agogo, na ce ya zo mu nemi gurasa kafin la'asar ta yi mana a birni. Har muka kai Mariri a kan hanyar komawa yana maimaita tambayar, fasinjojin gaba suna ƙunshe dariya.