Alhamis a Maigatari, da tsohuwar da ta gane ni

Yau na raka Baffa kasuwar Maigatari sayar da raguna biyu, tun bayan asuba muka fita, ƙura kam ba a magana. Wajen azahar ina tsugune gun mai fura sai wata tsohuwa ta kafe ni da ido har na tsargu na fara duba rigata ko wani abu na shafo a kara, can sai ta ce "ɗan nan, kai ba jikan mai gyaran keken nan na gindin tsamiya ba ne?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, kakan nan fa ya rasu tun ina goye, ita kuma ba ta taɓa ganina ba. Na ce Iya da me kika gane ni, ta ce oho, ko goshin ne ko ɗage girar nan, ita dai shi ta gani a tsugune. Ni ko bille ba ni da shi balle a ce tsaga ta karanta irin ta mutanen da.

Abin kunya ko awa ba a yi ba wani ya dafa ni yana ta washe baki, ni kuma ina ta lafiya lau ya gida ya yara, fuskar na santa sarai amma sunan ya ƙi zuwa, sai a mota ya faɗo min, ashe benci ɗaya muka zauna a firamare.

Akwai wani ɗan gurbi a ƙasan ƙwaƙwalwa da ya fi tashi in an ga fuska, wata mai bincike a Amurka Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka yi bayaninsa a 1997, na karanta lokacin ina NCE. Ita fuska ɗungurungum ake ɗaukarta, ba ido daban hanci daban ba, ina ga shi ya sa Iya ta kasa nuna abin da ta gani. Wanda gurbin nan na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu kuwa idonsa garau, amma matarsa ma sai ta yi magana zai gane ta. Da daddare don in gwada na juya hoton kawunmu a waya, kai a ƙasa, na miƙa wa ƙanwata, sai da ta yi jim tana karkata wuya kafin ta faɗi ko waye.

Ragunan dai ba su yi kuɗi ba. Baffa ya yi sallama har da 'yar dariyarsa, Inna tana tankaɗe ta ɗago sau ɗaya ta ce "Malam, an faɗi ko?"