Jijiyar da ake auna min

Tun da aka ce babbar jijiyar jinina ta kumbura, abin da ya fi hana ni sakat shi ne tsohon ciwon bayana. Kumburin kansa ba na jin sa ko kaɗan. Ciwon baya kuwa na daɗe da shi, da can in ya motsa sai in miƙe in ɗan taka, ya lafa, in manta. Yanzu ko ɗan tsiko ƙuguna ya yi sai gabana ya faɗi, zuciya ta ce shi ke nan, ta fashe.

Jijiyar da ake magana ita ce awota, uwar jijiyoyin jiki. Daga zuciya take fitowa, ta lanƙwaso ta bi ƙirji, ta gangara ciki ta gaban ƙashin baya, sannan ta rabu biyu zuwa ƙafafu. A ciki faɗinta bai wuce kamar santimita 2 ba. In bangonta ya yi rauni ya buɗe har ya kai santimita 3, sunansa ya zama kumburi. Tawa a 4.3 aka same ta, ƙasa da ƙoda, kuma ba ita aka je nema ba. Matsalar fitsari ce ta kai ni hoton ciki. Yawancinmu haka ake gano mu, don abin ba ya ba da sanarwa.

Likitan jijiyoyi ya duba hoton ya ce, “Baba, ba za mu taɓa ta yanzu ba, aunawa za mu riƙa yi.” Maganar ta tsaya min a wuya. Ka ce wa mutum akwai abin da zai iya kashe shi a cikinsa, sannan ka ce ya tafi gida sai baɗi? 'Yata da ta raka ni ta fi ni fusata. Ta ce, “Likita, me zai hana a yi aikin tun abin bai yi nisa ba?”

Amsar da ya ba ta ita ce ta fara kwantar min da hankali. Aikin kansa ba wasa ba ne, ana rasa rai a cikinsa. An yi babban bincike a Birtaniya, sakamakonsa ya fito a 1998, inda aka raba masu kumburi tsakanin santimita 4 da 5.5 gida biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ci gaba da auna su. Waɗanda aka yi wa gaggawa ba su fi sauran tsira ba. Shi ya sa ake jira sai ta kai 5.5 ga maza, ga mata sau da yawa ƙasa da haka, ko kuma in ta ƙaru da fiye da santimita ɗaya cikin shekara, ko ta fara ciwo. A tsarin Ingila, mai 3 zuwa 4.4 sau ɗaya ake auna shi a shekara, mai 4.5 zuwa 5.4 kuma duk wata uku. Dalilin matso da awon shi ne, duk yadda jijiyar ta ƙara faɗi, haka bangonta ke ƙara ɗaukar nauyi, kamar tayar keke da ta yi ƙwai a gefe ɗaya.

Kaina ya gane duk wannan. Da dare ne ake yin ta. In na kwanta rigingine, hannuna da kansa yake zuwa saman cibiya, in ji abin yana bal-bal, daidai da bugun zuciya. Sai in fara lissafi: jiya haka ƙarfinsa yake? Maiɗakina ta gaji da gani, wata rana ta ɗauke hannun ta ce, “Malam, yatsunka ba na'ura ba ne.” Gaskiyarta. Likita ma ya ce siririn mutum mai lafiya lau zai iya jin wannan bugun, kuma ƙarfinsa a hannu ba ya nuna komai game da girman kumburin. Ya hana ni dannawa da lalube.

Sai na tambaye shi kai tsaye, ta yaya zan raba ciwon baya na tsufa da wanda zai sa a ruga da ni asibiti? Ina ganin duk mai irin lalurata ya kamata ya yi wannan tambayar, ya kuma sa a maimaita masa amsar a gaban wani nasa. Ya ce ciwon tsoka da ƙashi yakan saurari jiki: ka juya ya ragu, ka sunkuya ya ƙaru, ka san inda ya saba zama. Wanda ake tsoro farat ɗaya yake zuwa, mai tsanani, a ciki ko a baya, wani lokaci ya sauka kwiɓi ko matsematsi, kuma duk yadda ka kwanta ba ya sassautawa. Yakan zo da jiri, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya da sauri, ko mutum ya suma. Wannan ba a jira gari ya waye, ba a shan maganin ciwo a ga abin da hali zai yi, kuma ba ka tuƙa kanka. Akwai kuma na tsakiya, sabon ciwo da ban saba da shi ba, wanda ya zauna ya ƙi tafiya ko da ba mai tsanani ba ne. Shi ma ya ce a ranar zan zo, gara a duba a ce ba komai.

Ya ƙara da abu ɗaya da ban taɓa tunani ba. Fashewar wannan jijiya takan yi kama da ciwon tsakuwar ƙoda, har a ruɗe a ɗakin gaggawa. Don haka kalmar farko da za ta fito daga bakina ko bakin wanda ya kawo ni ita ce, “Yana da kumburin awota.” Na rubuta haka a ɗan kati, da awon ƙarshe da magungunan da nake sha, yana cikin walat ɗina. Kowa a gidan ya san inda yake. Tun daga nan tsoron ya ragu, ko da yake bai tafi ba. Har yanzu akwai daren da nake tashi zaune in juya hagu in juya dama, ina gwada ko ciwon zai saurare ni.

Ranar awo kuma wani tashin hankali ne na daban. A shafa maka man nan mai sanyi a ciki, a danna na'ura, kai kuma ka kafe mai hoton da ido kana karanta fuskarsa. A allo sai ka ga baƙin da'ira tana motsi, ya sa alama a wannan gefe, ya sa a wancan, lamba ta fito. An taɓa ce min 4.4, zuwa na gaba aka ce 4.3, har na fara murna wai ta koma. Aka ce a'a, awon hoto yakan bambanta da 'yan milimita gwargwadon hannu da kusurwa. Abin dubawa shi ne inda lambobin suka dosa cikin shekaru. Da yawa 'yan milimita kaɗan suke ƙaruwa a shekara, wasu ma su daɗe a tsaye.

Abin da ke hannuna kaɗan ne, amma na riƙe shi. Sigari na bari, don ita ce kan gaba wajen haddasa wannan kumburi, kuma tana sa shi saurin girma. Maganin hawan jini da na rage kitse a jini ba na tsallakewa. Ina tattaki kullum. Ɗaga kaya masu nauyin da sai an riƙe numfashi an yi nishi, likitana ya ce in bar wa yara. Kuma duk inda za a rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta nakan faɗi lalurata, domin a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan dangin Cipro ga masu kumburin awota.

Wani abu da na karanta ya ba ni dariya da ƙarfin gwiwa lokaci guda. Albert Einstein, shahararren masanin kimiyya, shi ma wannan ciwon gare shi. A 1948 likita Rudolph Nissen ya buɗe shi ya naɗe kumburin da leda mai shara-shara, abin da ake da shi ke nan a lokacin, kuma ya rayu har 1955 kafin ta fashe. Yau in lokaci ya yi, ko dai a buɗe ciki a ɗinka bututun roba a madadin wurin, ko a zura shi ta jijiyar matsematsi ba tare da an tsaga ciki ba, hanyar da ta fara yaɗuwa bayan 1990.

Saura ƙanena. Abin yana bin jini, kuma ɗan'uwan mai shi na cikin waɗanda ake so a duba, balle namiji da ya manyanta kuma ya taɓa shan sigari. Na gaya masa, ya ce, “Yaya, ni fa lafiyata ƙalau, ba abin da nake ji.” Na ce ni ma ba abin da nake ji. Ya yi alkawarin zai je hoto ƙarshen wata, na kuma gaya wa matarsa don kada maganar ta bi iska.