Ranar da na kashe Tanko

Jiya na miƙa makullin ɗakin ɗaukar murya, bayan shekara biyar ina rubuta littafin yaƙin da kuke saurare. Waɗanda muka yi zama tare a shagon nan na Gusau sun san yadda aikin yake, ba sai na tsaya lissafi ba. Maganar Tanko kawai nake son in yi kafin in kama gabana.

Lokacin da na fara labarin, hankalina duk yana kan Sadauki Jarmai, da takobinsa mai tsafi, da gabarsa da sarkin aljanu, da gimbiyar da ke jiransa. Tanko kuwa na sako shi ne don a samu mai riƙe linzami. Bara ne, matsoraci, wanda ya gudo daga ƙauyensu daren da rundunar aljanu ta cinna masa wuta, ya baro uwarsa a can. Duk inda aka ya da zango sai ya bi fatake yana tambaya ko sun biyo ta garinsu.

Samarin da ke zuwa a tura musu a memori Jarmai suke so, har suna yi wa juna laƙabi da shi a majalisa. 'Yan mata kuma kullum gardama suke kan gimbiya. Su ne masu rubutu a WhatsApp, don haka su muke ji. Wata rana maigidanmu ya kira ni ya ce Tanko ba ya kawo kasuwa, mintoci kawai yake ci, in kawar da shi a littafi na bakwai. Ban yi musu ba, kuma wannan laifina ne. Layi biyu na ba shi: kibiya ta same shi a bakin rafi, ayari ya wuce.

Littafin ya fita ana gab da rufe layukan waya a Zamfara, farkon Satumban 2021. Da saƙonni suka ɗauke, sai mutane suka koma zuwa shago da ƙafarsu, a nan na fara ganin fuskokin da ba su taɓa rubuta mana ko harafi ɗaya ba. Akwai wata tsohuwa da tashin hankalin 'yan bindiga ya koro daga wani ƙauye a yankin Maradun, tana zaune wurin dangi a Tudun Wada. Ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar waya mai madanni, an ɗaure murfinta da roba. Ta tambaya wa ke rubuta labarin, aka nuna ni.

"Ɗana, mi Tanko yay yi ma?"

Na ce, "Inna, ai labari ne."

Ta ce ta sani. Ɗanta ma haka ya gudu daren da aka shigo musu, kuma har ranar kunya ta hana shi zuwa inda take. "Ni jira nikai in ji ranar da za shi koma wurin uwatai." Ta mayar da wayar ta ƙulle, ba ta karɓi komai ba, ta fita.

Bayanta wasu sun zo, masu acaba da masu ga-ruwa, yawancinsu mutanen da suka baro gonakinsu. Jarmai yana burge su, amma Tanko ne ya san abin da suka sani: gudu cikin dare, da tunanin wanda ka bari a baya. Ya kamata a ce na gane tun da wuri. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san Alhaji Imam ne ya samo ruwan, amma in aka zauna hira Malam Zurƙe ake fara ambata.

Da ciniki ya ja baya, maigida ya tara mu ya ce ni na lalata labari, ya zabtare mini kuɗin wata biyu. Ko sau ɗaya bai ce daga bakinsa umarnin ya fito ba, alhali mutum biyu da ke tsaye a wurin sun ji ranar da ya faɗa. Na yi shiru, amma har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga wanda zai gaje ni: in an ba ka umarni a kan labari, ka nemi a faɗa gaban shaida mai iya magana. Ka ajiye kwafin rubutunka a gida. Ka riƙa zama a gaban shago ranar Juma'a kana kallon masu zuwa.

Daga baya maigida ya ce in tayar da Tanko da tsafi, tunda duniyar aljanu ce. Na ƙi. A littafi na tara na sa Jarmai ya ajiye takobi, ya yi tafiyar kwana bakwai zuwa ƙauyen, ya tarar da uwar da rai, ya durƙusa ya faɗa mata cewa ɗanta bai taɓa kwana bai tambayi labarinta ba. Minti arba'in ba a zare makami ba. Na aika wa Inna ta hannun jikanta, ya dawo ya ce sau uku ta sa a maimaita mata wurin da tsohuwar ta shimfiɗa wa Jarmai tabarma.